Filtar mazurari da fasa indomie: ƙarfi ne yake ƙaruwa ko ƙara?

Dan_Agege77
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da take yawo a garejojin Agege da Ladipo, ina so masana su warware mana ita. Ana cewa idan aka cire akwatin iska na kamfani aka ɗaura filtar nan mai kama da mazurari, aka fasa indomie (wato matacin hayaƙin da ke hanyar salansa), aka sauya salansa zuwa mai faɗin baki, to Camry Muscle mai injin 2.4 za ta ƙara ƙarfin doki 20 zuwa 30. Duk wanda ka tambaya hujja sai ya ce shiga ka taka ka ji. To ta yaya ake auna wannan da lissafi, ba da kunne ba? Kuma a Legas ɗin nan, da zafinmu da gosulonmu da irin fetur ɗinmu.

Injiniya_Mushin
Wa alaikumus salam. Malam, mu fara daga lambar kamfani. Injin 2AZ-FE da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 doki 158 Toyota ta rubuta masa, kuma a bakin injin ake nufi, kafin giya da taya su ci rabonsu. A mota mai giyar otomatik kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari suna tafiya a hanya, don haka abin da yake isa taya bai wuce 130 da 'yan kai ba, a sabuwar mota ke nan. Wanda ya ce filta da salansa sun ƙara 30, yana cewa ne injin da ba shi da turbo ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari ba tare da an taɓa kamshaf ko top silinda ko fistin ba. Iskar da injin yake iya zuƙa a kowane juyi tana da iyaka, girman silinda da buɗewar bawul ne suke yanke ta. Filta ba ta ƙara wa silinda girma.

Abin da za a iya samu a irin wannan aiki, idan an yi shi da kyau, doki 3 ne zuwa 8. Matsalar awo a nan take: doki 5 a kan 158 kashi 3 ne kawai cikin ɗari, kuma abubuwan da suke motsa sakamako da fiye da kashi 3 suna da yawa.

Baba_Bakanike
Kafin a je ga awo, a tambayi motar da ake magana a kanta. Tokumbo ce da ta yi shekara 15 tana gudu. Fulogi ya ci, nozul ya toshe, filtar da aka cire ta shekara biyu ba a sauya ta ba. Ka sa mata sabuwar filta ko wace iri ce, za ta farka. Wannan ba ƙari ba ne, bashin da take bin mai ita ne aka biya.

Turbo_Lekki
Baba da girmanka, amma kada a mai da abin kamar duk ƙarya ne. Akwatin iska na kamfani an yi shi ne don kashe ƙara, yana da lunguna da ɗakunan da iska take zagayawa. Salansar kamfani ma haka. Idan ka buɗe hanya dole wani abu ya ƙaru a sama, daga juyi 5,000 zuwa sama.

Baba_Bakanike
Ɗana, ban ce babu ba. Cewa na yi a gyara motar tukuna. A gwada matsin kowace silinda, bambanci tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A sa sababbin fulogi, a wanke nozul, a sa sabuwar filta ta takarda irin ta kamfani. A duba ko an cire tamostat, domin rabin motocin garin nan an cire musu an haɗa fanka kai tsaye. Injin da bai kai zafin aikinsa ba mai yake sha fiye da ƙima, kuma duk abin da ka auna a kansa ba na gaskiya ba ne. A mayar da tamostat ɗin, na Toyota wajen digiri 82 yake buɗewa. Daga nan a auna. Wannan lambar ita ce tushe.

Mai_Sikana
Ga hanya mafi arha. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. A sayi ƙaramin ELM327, wato sikanar da ake cusawa a soket ɗin, a haɗa shi da waya, a buɗe manhaja irin Torque Pro ko Car Scanner. Abu biyar za a ɗauka: juyin injin, yawan iskar da sensar MAF take gani da giram a sakan, zafin iskar da take shiga, gyaran mai na dogon zango (kashi nawa cikin ɗari kwamfutar motar take ƙara mai ko rage shi), da lokacin wutar fulogi. Kada a zaɓi fiye da haka, domin masu arha a hankali suke karantawa, idan ka cika musu tambaya sai su riƙa ba ka lamba ɗaya a sakan biyu, ƙololuwar ta wuce ba ka gani ba.

Lissafin da ake yi a kai: giram a sakan sau 1.25 yana ba da kusan dokin injin. Lafiyayyen 2.4 idan an take totur har ƙasa ya kai juyi 6,000, ana sa ran 120 zuwa 126. Idan ka ga 100 ko ƙasa, akwai abin da ya shaƙe shi, ko ta gaba ko ta baya, ko kuma sensar ce ta yi datti.

Injiniya_Mushin
Mai_Sikana, hanyarka tana da kyau wajen salansa da indomie, amma akwai rami a cikinta idan bututun iska aka sauya. Sensar MAF ba duk iskar take aunawa ba, ɗan abin da ya bi ta kan siririyar wayarta mai zafi take ji, sai birenbos, wato kwamfutar motar, ya ninka bisa faɗin bututun da kamfani ya saka. A ce bututun milimita 70 ne aka sa mai 76. Girman ramin da iska take bi ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari, iska ta rage gudu a kan wayar, sensa ta ce iska ta ragu alhali ba ta ragu ba. Birenbos ya rage mai, injin ya koma yunwar mai. Don haka lambar kafin da ta bayan ba a ma'auni ɗaya suke ba. Alamar tana fitowa a gyaran mai: lafiyayyar mota tana tsakanin ragi 5 da ƙari 5. Idan bayan aikin ka ga ƙari 12 ko 15, bututun ya rikita sensa. Idan abin ya yi nisa wutar cak injin ta kama da lambar P0171.

Mai_Sikana
Gaskiya ne Injiniya, na karɓi gyara. In ƙara a kai: filtar da ake shafa wa mai, idan man ya yi yawa yana bin iska ya manne a wayar sensar, ƙura ta hau kai. Sakamakon iri ɗaya ne, karatu ya sauka. Da feshin wanke MAF kaɗai ake wanke ta, ba da na kafireta ba, kuma ba a taɓa wayar da hannu ko tsumma.

Sarkin_Gosulo
Ni abin da ya fi damuna zafi ne. Akwatin kamfani daga wajen ɗakin injin yake jawo iska. Mazurarin da ake ɗaurawa tsirara kusa da injin, iskar da ta gasu a jikin lagireto yake sha. A duba lambar zafin iska a sikana bayan minti 30 a gosulon Ikorodu Road: waje digiri 32, a bakin mazurari 55 zuwa 65. Iska mai zafi ba ta da nauyi, iskar shaƙan da ke cikinta kaɗan ce. Ƙa'idar da ake bi ita ce duk ƙarin digiri 6 yana cin kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙarfi. Digiri 28 na ƙari ya cinye kashi 4 zuwa 5 ke nan, ya fi abin da filtar ta kawo. Kuma birenbos yana ja da lokacin wuta baya idan iska ta yi zafi don gudun ƙwanƙwasa, wannan ma wata asarar ce a kai.

Turbo_Lekki
Shi ya sa ake sauko da bututun ƙasa bayan bamba, inda iska take da sanyi.

Baba_Bakanike
A Legas? Da damina? Ruwan da yake kwanciya a Lekki da Ago Palace yana kai rabin taya. Filtar da ke bayan bamba ta zuƙi ruwa kofi ɗaya, fistin ya zo matsawa, ruwa ba ya matsuwa, kon rod ya lanƙwashe ko ya huda bulok. Injin ya tafi ke nan. Wanda ya nace, ya bar filtar a sama ya yi mata katanga da faranti tsakaninta da injin, ya jawo mata iska ta gaba.

Dan_Agege77
Allah ya saka da alheri. To batun gudu a titi fa? Wasu agogon waya suke riƙewa su ƙirga daga 0 zuwa 100.

Injiniya_Mushin
Daga tsaye ba ya ba da amsa mai kyau, domin tashin farko ya dogara da ƙafar direba da kamun taya. A auna daga 60 zuwa 100, a kulle giya ɗaya da hannu yadda ba za ta sauya a tsakiya ba. A fara taka totur tun daga 50 don kafin a kai 60 komai ya daidaita. Maleji ba abin dogaro ba ne, yawanci yana nuna fiye da gaskiya kaɗan, kuma idan an sauya girman taya ya ƙara kaucewa. Na'urar GPS ta waya sau ɗaya take karantawa a sakan, ta yi kaɗan. Na'urorin GPS na awon gudu irin su Dragy sau 10 suke karantawa a sakan, su ake so.

Yanzu ga abin da ya sa nake cewa kashi 3 yana da wuyar gani. A ce motar tana yin wannan tazara a sakan 5.5. Ƙarin kashi 3 zai rage kusan sakan 0.16. Yatsan mutum a kan agogo kuskurensa ya fi haka. Fasinja ɗaya mai kilo 80 a motar da ta kai kilo 1,500 kashi 5 ne. Tankin Camry lita 70 yake ci, lita ɗaya ta fetur kusan giram 740, cikakken tanki da wanda ya kusa ƙarewa bambancinsu ya kai kilo 50. Titi mai hawan mita 1 a cikin mita 100, wanda ido ba ya ma gani, yana sauya sakamakon da kusan kashi 5. Saboda haka: titi ɗaya, wuri ɗaya, a je a dawo, sau 3 kowane ɓangare, a haɗa a raba. Mai a tanki daidai, iskar taya daidai, AC a kashe, gilasai a rufe, lokaci ɗaya na yini. Idan bambancin gudu 6 ɗin nan a junansu ya fi bambancin kafin da bayan, ba a auna komai ba.

Hajiya_Obalende
Injiniya a ƙara da cewa ba a gadar Third Mainland ba, ba kuma inda ake tsallaka titi ba. Iyakar gudun ƙananan motoci a babbar hanya 100 ne, kuma mutum ɗaya ne zai tuƙa, wayar tana ɗauka da kanta, a duba bayan an tsaya. Akwai yara masu karanta mu a nan.

Injiniya_Mushin
Haka ne Hajiya, na gode. Wanda bai sami sarari ba ma ya yi 40 zuwa 80 a giya ta biyu, lissafin ɗaya ne.

Dan_Tudun_Jos
Wani abu da ba a faɗa ba: kada a kwatanta lambar Legas da ta gida. Legas a bakin teku take, iska tana da cikakken nauyi. Injin da ba turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a duk hawan mita 300. Jos ta haura mita 1,200, wato kashi 12 ke nan. Kano tana wajen mita 480. Mota ɗaya, ba a taɓa ko noti ba, za ta ba da lamba uku a garuruwan nan uku.

Sarkin_Gosulo
Amma Legas ma tana biyan nata ta wajen laima. A digiri 30 da laima kashi 80, tururin ruwa ya kai kusan kashi 3 cikin ɗari na iskar, kuma tururi ba ya ƙona mai. Wanda ya auna tushe a watan Yuni ya dawo ya auna sabon kaya da hunturu a Janairu, yanayi ya auna.

Turbo_Lekki
Duk wannan wahalar daino ce maganinta. A ɗora mota a kan rola, a ɗaure, a take, kwamfuta ta zana ƙarfin doki da ƙarfin murɗa a kowane juyi. Kuma tana gyara lissafin yanayi, ma'aunin SAE J1349 yana mayar da komai kamar an yi a digiri 25.

Injiniya_Mushin
Ita ce ta fi, inda aka same ta, ba kowane gareji ne yake da ita ba. Amma takardar daino ma ana karanta ta da ido biyu. Dainon Dynojet da ta Mustang ba sa ba da lamba ɗaya a mota ɗaya, ta biyun yawanci tana nuna ƙasa. Ma'aunin DIN na Jamus digiri 20 yake ɗauka, don haka lambarsa tana ɗara ta SAE. Idan takardar kafin SAE ce ta bayan DIN, an sami doki kyauta daga kwamfuta. Giyar da aka yi amfani da ita, ƙarfin ɗaurin igiya, iskar taya, bonet a buɗe ko a rufe, duk suna motsa lamba. Bonet a buɗe da babbar fanka a gaba shi ne yake sa mazurari ya yi kyau a daino ya kasa a titi. Ja na farko da injin bai gasu ba ya fi na huɗu. A nemi ja 3 kafin, 3 bayan, rana ɗaya in zai yiwu, a kuma dubi layin gaba ɗaya. Salansa mai faɗi da yawa tana iya ƙara 4 a juyi 6,000 ta rage ƙarfin murɗa a 2,500, kuma a 2,500 ɗin ake rayuwa a garin nan.

Hanyar tantance takardar bogi: doki daidai yake da ƙarfin murɗa sau juyi a raba da 5,252, idan murɗar da fam-ƙafa aka rubuta. Saboda haka layukan biyu dole su haɗu a juyi 5,252 matuƙar sikelinsu ɗaya ne.

Malam_IdiAraba
Mu dawo kan indomie don nan ne ake cutar mutane. Abin da ke cikinsa akwai filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa yake da masu saye. Sau da yawa shawarar a fasa shi daga nan take fitowa. Ana iya gwada shi ba a fasa ba: a kwance sensar iskar shaƙa ta gaba, a ɗaura gejin matsi a ramin. A silo kada ya wuce 1.5 psi, a juyi 2,500 kada ya wuce 3. Idan yana ƙasa da haka lafiyarsa ƙalau, fasa shi ba zai ba da abin kirki ba sai wari da hayaƙi mai guba da lambar P0420. Idan ya toshe kuwa, a nemi dalili, galibi fulogi mai fashi ko injin mai shan baƙin mai, kuma 2AZ-FE an san shi da wannan shan. Ba a gyara dalilin ba, sabon ma zai toshe.

Hajiya_Obalende
Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, yawancin masu tambayar nan ba gudu ne a gabansu ba, mai ne. Kuma awon mai ya fi na gudu saurin ruɗi. Cika tanki har bindiga ta katse karon farko, a gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, a sifirta maleji, a sake cikawa a raba lita da kilomita. Tanki 3 kafin, 3 bayan. Injin 2.4 a tsaye yana zuƙar iska kusan giram 3 a sakan, a raba da 14.7, wato giram nawa na iska ke ƙona giram ɗaya na fetur, man ya kama kusan lita 1 a awa, da AC ya fi haka. Mako guda mai gosulon Apapa ya isa ya ɓata lissafin, don haka a rubuta awannin da injin ya yi a kunne tare da kilomita. Kuma mota mai sabuwar ƙara, ƙafa tana son taka ta, man yana ƙaruwa ko da kayan ba su da laifi.

Mile12_Direba
To masu mayar da mota gas fa? Ana cewa ƙarfi ba ya raguwa.

Mai_Sikana
Yana raguwa. CNG a matsayin iska yake shiga, yana cinye kusan kashi 10 cikin ɗari na gurbin da iska za ta cika, ƙarfi ya sauka da kusan hakan. Ga nauyin tukunyar ƙarfe a but. Amma ita ce gwaji mafi sauƙi a duk abin da muka tattauna, domin maɓalli ɗaya ne tsakanin fetur da gas, titi ɗaya, minti ɗaya. Gas yana jure matsi fiye da fetur kuma a hankali yake ci, shi ya sa ake sa na'urar gabatar da lokacin wuta don a dawo da wani abu.

Turbo_Lekki
Ni dai ina ganin an fi karkata ga Camry. A mota mai turbo irin C300 ta 2015 mai injin 2.0, doki 241, sauya manhajar birenbos kaɗai yana ba da kashi 15 zuwa 25, domin matsin turbo ake ɗagawa. Wannan ko agogon hannu zai gan shi.

Injiniya_Mushin
Ban musa ba, a turbo ƙarin na gaske ne. Sai dai fayilolin da ake saukowa da su an rubuta su ne don fetur mai oktan 95 ko 98 a ma'aunin Turai, wato 91 ko 93 a famfon Amurka. A nan bindiga ɗaya ce a gidan mai, ba ka da zaɓi. Abin da za a sa wa ido shi ne yadda sensar ƙwanƙwasa take ja da wuta baya a cikakken totur. Digiri 1 ko 2 jefi-jefi ba komai. Idan 5 ko 6 ne a duk silinda a kowane ja, injin yana kare kansa ne, kuma dokin da aka biya kuɗinsa ba ya nan. Ma'aunin iska da mai a turbo ya zauna wajen 11.5 zuwa 12, a mara turbo 12.5 zuwa 13. A yi ja 3 a jere a ga ko na uku ya faɗi saboda intakula, mai sanyaya iskar turbo, ta gasu.

Baba_Bakanike
Da ƙananan akwatunan nan da ake cusawa a soket a ce cif ne. A buɗe ɗaya a gani, fitila ce mai ƙiftawa. Na'urar totur kuma buɗe maƙogwaro take yi da wuri, rabin taki ya zama kamar cikakke, amma cikakken bai ƙaru ba.

Dan_Agege77
To idan na fahimta, a gyara mota, a auna, a sa kaya ɗaya, a sake aunawa. Tambaya ta ƙarshe: nan take ake aunawa bayan an ɗaura?

Mai_Sikana
A'a, a ba birenbos lokaci ya koyi sabon gyaran mai, kamar kilomita 80 zuwa 100 na tuƙi gauraye. Kada a cire kan batir a gwaji ɗaya a bar shi a ɗayan. In an gama, a mayar da tsohon akwatin a sake aunawa karo na uku. Idan lamba ta koma inda take da farko, kayan ne suka yi aikin.

Turbo_Lekki
Wannan na yarda da shi. Amma a yi wa mazurarin katangar da Baba ya faɗa kafin a yanke masa hukunci, a kuma auna shi yana tafiya a 80, ba bayan ya gasu a tsaye ba.

Sarkin_Gosulo
A auna duka biyun. A ɗauki zafin iska a 80, a ɗauka kuma bayan minti 20 a tsaye, sannan a ga sakan nawa yake ɗauka kafin ya sauko idan hanya ta buɗe. Bututun alminiyam yana riƙe zafi fiye da robar kamfani, a rubuta wane iri aka ɗaura.